An sayo wa makarantarku kwamfutoci, amma wa ke taɓa su?

A makarantar gwamnati da na yi a cikin garin Sakkwato akwai wani ɗaki a ƙarshen baranda, mai ƙofar ƙarfe da kwaɗo biyu. Babu ɗalibin da bai san abin da ke ciki ba. Idan ka taka bulo ka leƙa ta taga za ka hango su jere a kan tebura, an lulluɓe kowace da yadi saboda ƙura, kamar amaren da ba a buɗe wa kai ba. Shekara uku na yi ina leƙen tagar nan. Sau biyu kacal aka buɗe ɗakin a gabana: ranar da aka sa mu share shi, da kashegari da manyan baƙi suka zo suka ɗauki hoto.

Darasin kwamfuta kuwa muna yin sa, har da jarrabawa. Malam zai zana kibod a allo da alli, mu kwafa a littafi. Na haddace sunayen sassan kwamfuta tas, na ci maki mai kyau, amma ban taɓa danna ko harafi ɗaya ba. Ranar da na zauna jarrabawar JAMB ita ce rana ta farko da na ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, wanda ake kira maus. Na tura shi gaba, kibiyar ta gudu ta ɓace a kusurwar sikirin. Kafin in samo ta, in nutsu, in daina tsoron kada in danna wani abu komai ya goge, agogon da ke sama ya cinye mini mintuna masu yawa. Akwai tambayoyin da na san amsarsu sarai waɗanda ko ganinsu ban kai ga yi ba.

Na san a cikinku akwai masu irin wannan ɗaki a makarantarsu. Akwai kuma waɗanda ko ɗakin babu. Wannan rubutu na ku ne duka, domin lokacin da ake iya kauce wa kwamfuta a gama sakandare lafiya ya kusa ƙarewa.

Jarrabawa ta koma kan sikirin

Hukumar JAMB ta fara gwada jarrabawa ta kwamfuta a 2013, daga 2015 kuma ta ajiye fensir da takarda gaba ɗaya. Duk mai son shiga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko Jami'ar Jihar Sakkwato, ko Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi ta hanyar wannan jarrabawa, sai ya zauna gaban kwamfuta. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga cikin sauran darussa uku. Ku raba da kanku, za ku ga daƙiƙa 40 ce kowace tambaya take da ita. Wanda ya ɓata minti goma yana kokawa da maus ya yi asarar lokacin tambayoyi 15.

Hukumar WAEC ma ta bi sahu. A farkon 2024 ta yi wa masu zama jarrabawa a ƙashin kansu, wato waɗanda ba ta makaranta suka yi rajista ba, jarrabawa ta kwamfuta. A 2025 Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ce gwamnatin tarayya na son WAEC da NECO su koma kwamfuta gaba ɗaya a 2026. Majalisar Wakilai ta nemi a jinkirta zuwa 2030, saboda makarantu da yawa, musamman na karkara, ba su da na'urori ko wuta ko malaman da suka iya. Ko an jinkirta ko ba a jinkirta ba, ɗan aji ɗaya na ƙaramar sakandare a yau ya sa a ransa cewa a kan sikirin zai gama.

Minti goma a mako

Idan aka zo ƙaddamar da ɗakin kwamfuta, adadin na'urorin ake faɗa a lasifika: ashirin, hamsin, ɗari. Ni a ganina ba wannan ne adadin da ya kamata ku riƙe ba. Ku tambayi kanku minti nawa yatsunku suke yi a kan kibod a mako.

Mu ɗauki misali. A ce ajinku mutum 80 ne, wanda ba abin mamaki ba ne a makarantun jeka-ka-dawo na cikin gari, ɗakin kuma na da kwamfuta 20 masu aiki. Mutum huɗu ke nan a kan kowace. Idan darasi ɗaya ne a mako na minti 40, kowa ya samu minti 10, in har an yi adalci, mai ƙarfin cikinku bai riƙe maus ya hana saura ba. A zango mai mako 12, awa biyu ke nan. Wato duk abin da ka samu a zango guda daidai yake da tsawon zaman JAMB ɗaya. Wannan fa idan an kawo wuta a kowane darasi, malam bai yi rashin lafiya ba, kuma ba a cinye rabin lokacin wajen neman mai mabuɗi ba.

Yanzu ku juya lissafin. Kwamfutoci 20 ɗin nan, idan ɗakin na buɗe awa shida a rana, kwana biyar a mako, sun ba da awa 600 na zama a kowane mako. Makaranta mai ɗalibai 1,200 za ta iya ba kowane ɗalibi rabin awa shi kaɗai a kan na'ura, kowane mako, ba tare da an ƙara sayen ko guda ba. Jadawali da mabuɗi ne suka bambanta makarantun biyu, na'urorin iri ɗaya ne.

Daga ina suke zuwa?

Kwamfutocin makarantun gwamnati ba ta ƙofa ɗaya suke shigowa ba. Akwai na ma'aikatar ilimi ta jiha. Akwai na Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, UBEC, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya, take ba jihohi ta hannun hukumomin SUBEB idan jiha ta kawo nata kason. Wannan kuɗi na firamare da ƙaramar sakandare ne. Akwai asusun USPF da ke ƙarƙashin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wanda ya daɗe yana kafa ɗakunan kwamfuta da intanet a makarantun gwamnati a faɗin ƙasa. Akwai hukumar NITDA. Akwai shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata da Bankin Duniya ke ɗaukar nauyi, wanda ya fara da jihohi bakwai ciki har da Kano da Katsina da Kebbi, daga baya aka ƙara wasu har da Sakkwato, kuma koyar da ilimin kwamfuta na cikin aikinsa. Sai 'yan majalisa da ayyukan mazaɓu, da tsofaffin ɗalibai, da kamfanoni.

A ƙa'ida, sayen gwamnati na da matakai. A fara gano me ake buƙata, a sa a kasafi, a tallata kwangilar, 'yan kasuwa su kawo farashinsu, a zaɓi wanda ya fi cancanta, ya kawo kaya, a duba ko sun yi daidai da abin da aka rubuta, sannan a biya shi. Haka Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta tsara wa hukumomin tarayya, jihohi kuma suna da nasu dokokin masu kama da ita.

Matakin da aka fi yin sakaci da shi shi ne na farko. Sau da yawa babu wanda ya tambayi makarantar me take buƙata. Mota kawai za ta tsaya, a sauke kwalaye, shugaban makaranta ya sa hannu. Sai kuma matakin duba kaya. Kwali sabo ba ya nufin na'ura sabuwa. Kasuwa cike take da kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam. Su kansu ba laifi ba ne, wasu ma sun fi sababbi masu araha ƙwari, idan an saye su da sunansu da farashinsu. Laifin shi ne a biya kuɗin sabuwa a kawo tsohuwa. Akwai kuma batun shekaru: kamfanin Microsoft ya daina sabunta manhajar Windows 10 kyauta a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Duk wanda zai saya wa makaranta kwamfuta yanzu ya kamata ya san wannan kafin ya sa hannu.

Abin da ba ya cikin kwali

Sayen akwatin shi ne aiki mafi sauƙi, domin sau ɗaya ake yin sa kuma ana ɗaukar hotonsa. Sauran ayyukan kullum ne.

Na farko wuta. Sakkwato da Kebbi da Zamfara da Kaduna duk kamfanin rarraba wuta ɗaya suke da shi, kuma ba sai na faɗa wa ɗan Mabera ko Arkilla ko Runjin Sambo yadda ake ɗaukewa da kawowa ba. Kwamfutar tebur da sikirinta na iya jan wat 100 zuwa 150. Guda 40 sun kai wat 4,000 zuwa 6,000, ba a sa fanka ko firinta ba. Ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba, babba kuma sai an ciyar da shi, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da lita take ci. Laftof kuwa yawanci ba ta kai rabin haka ba, kuma tana da batirinta, ko an ɗauke wuta darasi bai tsaya ba. A gari irin namu da rana ba ta ƙaranci, laftof da sola sun fi ma'ana. Sai dai sola ma ba sayen sau ɗaya ba ne: batiranta suna mutuwa bayan wasu shekaru, kuma idan ba a goge farantanta, ƙura za ta rage musu ƙarfi.

Na biyu yanayi. A watan Afrilu zafin Sakkwato na haura digiri 40. Kwamfuta na fitar da nata zafin, ƙaramar fanka ce a cikinta take hura mata iska. Idan ƙurar hunturu ta toshe ramukan iskar, sai bazara ta zo ta same ta a shaƙe, ta riƙa kashe kanta, wata rana ta ƙi tashi. Wani abin da mutane ba su cika sani ba: ajiye na'ura ba tare da kunnawa ba bai kare ta ba. Batirin laftof da aka bari babu caji wata da watanni yakan mutu. Ɓeraye na cin wayoyi. Damina na shigowa ta rufin da ke yoyo. Ɗakin da na yi ta leƙe, da aka buɗe shi bayan mun fita, na ji cewa kaɗan ne suka tashi.

Na uku malami, da mai gyara. Idan malamin kwamfuta ɗaya ne a makaranta mai azuzuwa 20, ko kuma ɗan bautar ƙasa ne da zai tafi bayan shekara guda da kalmar sirrin na'urorin a kansa, to ɗakin ya tafi tare da shi. Idan kibod ya lalace kuma, babu kuɗin sayen wani a hannun makaranta, sai a tura na'urar gefe. Gobe wata, jibi wata.

Kada ku yi saurin zagin mai mabuɗi. Shugaban makaranta shi ya sa hannu ya karɓi kayan. Idan ɗaya ta ɓata ko ta fashe, shi za a tuhuma. Idan kuwa suka shekara biyar a rufe, babu mai tuhumarsa, domin masu bincike na'urori suke ƙirgawa, ba sa ƙirga awannin da aka yi amfani da su. Mutumin da aka sa a wannan hali, kwaɗo biyu zai saya. Da ma'aikata za ta riƙa neman littafin da ɗalibai ke sa hannu duk lokacin da suka shiga ɗakin, kamar yadda take neman rajistar kiran suna, da abubuwa da yawa sun canza.

An gwada a wasu wurare

A 2005 wani malamin jami'ar MIT ta Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin ba kowane yaro laftof ɗinsa a kan dala 100. Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka nuna sha'awa, har aka yi maganar guda miliyan ɗaya. A 2007 aka gwada a makarantar firamare ta Galadima da ke gefen Abuja, aka raba wa yara ƙananan laftof masu launin kore da fari. Yaran sun koya da sauri, wasu har suka iya buɗe na'urar su gyara. Amma wuta da kuɗin intanet suka zama matsala, farashin ya kusa dala 200, Ministan Ilimi na lokacin, Igwe Aja-Nwachukwu, ya nuna shakku kan raba laftof ga yaran da ko kujerar zama ba su da ita. Miliyan ɗayan nan ba a saya ba.

Ƙasar Peru ta saya, fiye da 800,000. Da masu bincike na bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka suka duba makarantun karkara sama da 300, suka fitar da sakamako a 2012, sai suka ga makin yara a lissafi da harshe bai ƙaru ba. Yaran sun iya sarrafa na'urar, amma ba a haɗa ta da darasin aji ba, malamai da yawa ba su samu isasshen horo ba, yawancin makarantun kuma babu intanet. Ƙasar Uruguay ta sayi irin na'urar nan a shirinta na Ceibal tun 2007, amma ita ta kafa hukuma guda da ke kula da intanet na makarantu, da gyara, da horar da malamai, shekara bayan shekara. Da annobar korona ta rufe makarantu a 2020, tana cikin ƙasashen yankin da karatu ya fi saurin komawa kan intanet.

A gida kuma, Jihar Osun ƙarƙashin Gwamna Rauf Aregbesola ta ƙaddamar da Opon Imo a 2013, wato "allon ilimi" da Yarbanci: kwamfutar hannu ga 'yan babbar sakandare, an zuba mata littattafai da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ba ta buƙatar intanet. An yi niyyar guda 150,000, rabon bai kai haka ba. Dabarar zuba karatu a cikin na'ura tun kafin a raba ta kuwa ta dace da mu ƙwarai, domin kuɗin data ne yakan fara yankewa.

Akwai irin waɗannan kayan kyauta. Manhajar Kolibri tana ajiye darussa da bidiyo a kwamfuta ɗaya, sauran na ɗakin su ɗauka daga gare ta ba tare da intanet ba. Kiwix na ba da damar karanta Wikipedia, har da ta Hausa, babu data. Scratch na koya wa mai farawa haɗa manhaja ta hanyar jera tubala a sikirin. Sai dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka buɗe a 2022, mai darussa da Turanci da Hausa da Ibo da Yarbanci.

Me ɗalibi zai iya yi?

Ba ku ke ba da kwangila ba, amma ba a ɗaure muku baki ba. Ku taru mutum biyar ko goma, ku nemi malami ɗaya da zai tsaya muku, ku kafa kulob ɗin kwamfuta. Ku rubuta wa shugaban makaranta takarda cikin ladabi, ku bi ta hannun shugaban ɗalibai. Kada ku tsaya a roƙo, ku kawo abin da zai cire masa tsoro: littafin sa hannu na shiga da fita, lamba a jikin kowace na'ura, sunan wanda ya zauna a kanta, jadawalin shara da goge ƙura, da alkawarin ba mai shiga da ruwa ko abinci ko filash ɗin da ba a duba ba. Ku faɗa wa iyayenku su tayar da maganar a taron iyaye da malamai, ko a kwamitin kula da makaranta na unguwa: na'ura nawa aka kawo, nawa ke aiki, akwai garanti, wa ke sayen mai ko batir. Makarantun 'yan mata da na haɗaka su lura da wannan musamman, domin idan lokaci ya yi kaɗan, 'yan mata ne sukan koma baya su zama 'yan kallo, kuma da yawa ba su da damar zuwa shagon kwamfuta da yamma kamar maza.

Wani zai ce ai yana da waya, ya iya WhatsApp da TikTok. Waya na taimakawa, akwai manhajojin gwajin JAMB da za ka iya sa mata. Amma latsa gilashi da babban yatsa daban, zama gaban kibod daban. Idan makarantarku babu ɗakin ko kaɗan, ku haɗa kuɗi ku biyu ko uku ku sayi awa guda a shagon kwamfuta na unguwa, ko ku roƙi wani yaya da ke jami'a ya ara muku laftof ɗinsa ranar Asabar. Idan lokacin rajista ya zo, ku zaɓi yin jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa kafin ta gaske, ko don ku ga zauren da idonku.

Ga kuma abin da babu wanda ya faɗa mini, wanda da na sani da ban yi ta farautar kibiya ba. An tsara jarrabawar JAMB yadda za a iya amsa ta da kibod kaɗai. Haruffan A, B, C da D su ne na zaɓar amsa. N na kai ka tambaya ta gaba, P na mayar da kai baya, S kuma na miƙa aiki ne, don haka kada yatsanka ya je kusa da shi sai ka gama ka sake dubawa. Ko a kibod ɗin da malam ya zana muku a allo, ku nemo inda haruffan nan bakwai suke tun a wannan makon.